Idan Mahaukaciyar Guguwa Ta Faɗa wa Filin Sukuwar Mota, Wa Ke Ɗaukar Asara?

Wani ɗan'uwa mai sha'awar motoci ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga hotunan wani filin tseren motoci a Amurka bayan wucewar mahaukaciyar guguwa, ruwa ya shanye shi kaf. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, fili da ba kome a cikinsa sai kwalta da kankare, me guguwa za ta iya yi masa? Kuma mutanen da ke zaune kusa da irin wannan wuri, maƙwabtakar alheri ce gare su ko ƙarin masifa?

Malam, aikina na hanya ne da magudanar ruwa, don haka ta nan zan ɓullo wa tambayarka. Gajeriyar amsa ita ce iska ce ke shiga labarai, amma ruwa ne ke yin ɓarnar da ke daɗewa. Abin da iska ta karya, ana ganinsa da ido, a kira kafinta da mai walda su gyara. Abin da ruwa ya yi kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, sai bayan watanni yake fitowa. Haka abin yake ga mai fili, haka yake ga maƙwabtansa.

Sai ka san irin tseren kafin ka gane dalili. Wanda ka gani shi ne wanda Amurkawa ke kira dirag, ni kuwa na fi son in kira shi sukuwar mota, domin da sukuwar doki ya fi kama: motoci biyu kafaɗa da kafaɗa, a miƙaƙƙen layi, babu kwana, wanda ya riga isa ya ci. Tsawon zangon rubu'in mil ne, ƙafa 1,320, wato wajen mita 402. Babbar hukumar wasan, NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ta rage wa manyan motoci zangon zuwa ƙafa 1,000 a 2008, bayan direba Scott Kalitta ya rasu a hatsari a filin Englishtown da ke jihar New Jersey. Waɗannan manyan motoci suna wuce gudun kilomita 530 a awa cikin ƙasa da sakan 4. Mota mai irin wannan ƙarfi ba a kan kwalta zalla take gudu ba. Ana fesa wa layin wani irin danƙo, a sa tarakta ta riƙa jan tsofaffin tayoyi a kai har roba ta kwanta, ta zama wata fata siririya mai kama taya. Idan ka taka layin da aka gyara da kyau, takalminka na iya maƙalewa. Wannan fatar ita ce jarin filin. Shi ya sa ko yayyafi aka fara, tsere ya tsaya ke nan, babu tayar da aka ƙera don yin wannan gudu a kan jiƙaƙƙen layi.

Ita kuma guguwar, za ka yi mamakin jin cewa asalinta daga wajenmu yake. Hadarin damina da ke tasowa daga gabas ya ratsa Sudan da Chadi da Nijar da arewacin Nijeriya, idan ya faɗa Tekun Atilantika ta gaɓar Senegal ya tarar da ruwan teku mai ɗumin da ya kai digiri 26 ko fiye, yakan fara juyawa yana tara ƙarfi. Mafi yawan manyan guguwoyin da ke afka wa Amurka ta haka suke farawa. Lokacinsu daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, sun fi tsanani tsakanin Agusta da Oktoba. Ana fara kiran iska mahaukaciyar guguwa idan gudunta ya kai kilomita 119 a awa, mataki na 5 kuma, wanda shi ne ƙarshe, yana farawa daga kilomita 252.

To, wane irin wuri ake nema don gina filin sukuwa? Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, domin wurin tsayawa bayan layin ƙarshe ya fi wurin tseren kansa tsawo. Ƙasa mai araha, nesa da gari saboda ƙara. Idan kuma wurin yana daidai da matakin teku, ya ƙara kyau, domin iskar can ta fi kauri, injin yana samun abin shaƙa sosai, mota ta fi gudu. Filin Houston da ke Baytown a jihar Texas, wanda aka buɗe a 1988 daf da mashigin ruwan Trinity, da wannan ya yi suna. Ka sake duba waɗannan sharuɗɗa da idon mai aikin magudana: shimfiɗaɗɗe, a ƙasa-ƙasa, mai araha, kusa da teku. Siffar fadama ke nan. Abin da ya sa wuri ya dace da tsere, shi ne dai ya sa ruwa yake son sa.

Ɓarnar iska ba sai na daɗe a kanta ba. Manyan allunan nuna sakamako a ƙarshen layi, turakun fitilu, allunan talla, rufin rumfar 'yan kallo, benen masu sa ido, shinge, duk abubuwa ne masu faɗi da ke tsaye a fili babu abin da ya kare su. Ƙarfin da iska ke bugun allo da shi ba ya tafiya daidai da gudunta: idan gudun ya ninka biyu, bugun ninkawa huɗu yake yi. Mai fili mai lura yakan sauke abin da zai saukar, ya ɗaure sauran, ya kwashe fitilar ba da hannu da ke tsakiyar layin farawa ya kulle a ɗaki. Wannan asara ce da ake iya lissafawa tun washegari.

Ruwa ne ke da dogon labari. Da farko akwai fatar robar nan. Idan ruwa ya kwana a kanta ya shiga ƙarƙashinta, sai ta fara ɓarewa falle-falle, ga laka da yashi da ambaliya ta zubar a kai. Dole a kankare ta da wuta da ƙarfe, a wanke, a busar, a sake shimfiɗa sabuwa daga farko. Wannan aikin kwanaki ne, kuma shi ne mai sauƙin.

Mai wuyar yana ƙasa. Kwalta da kankare ba su ne ke ɗaukar nauyi su kaɗai ba, ƙasar da aka daddaɓe a ƙarƙashinsu ce ke riƙe da su. Idan ta sha ruwa ta ƙoshi, ƙarfinta ya ragu. Inda ƙasar yumɓu ce, kamar yankin Houston, kumbura take yi idan ta jiƙe, ta tsuke idan ta bushe, irin yadda laka ke tsattsagewa a bakin tafki da rani. Sakamakon shi ne ɗan tudu nan, ɗan kwari can, wanda direban tasi ba zai ma ji shi ba. Amma motar da ke gudun kilomita 400 ko 500, ɗan tudun nan ya isa ya ɗaga tayarta daga ƙasa ta saki layi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma haka ruwa ke yi da mahaɗar kankare da kwalta. Bayan sama ta washe, rana ta fito, layin ya bushe ƙayau a ido, sai ka ga ruwa yana tsattsafowa ta tsaga daga ƙasa, domin zafin rana yana jawo shi sama. Ana busarwa yana dawowa. Masu fili sukan tsaga 'yan ramuka a gefe ko su huda don ya samu hanyar fita, amma maganinsa na gaskiya shi ne matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sauka, wannan kuwa ba a hannun kowa yake ba. Ga kuma katangun kankare biyu da aka jera a gefen layin don kare 'yan kallo. Ranar ambaliya, idan kafofin da ke gindinsu suka toshe da shara, sai layin ya koma kwata.

Sai wayoyi. Ana auna wannan tsere da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, da na'urorin haske da aka dasa a ƙafa 60, da 330, da 660, da 1,000, da kuma ƙarshe, dukansu haɗe da wayoyin da aka binne cikin bututu. Ruwan sama idan ya shiga, wani lokaci a busar a ci gaba. Idan ruwan teku ne, gishiri ya riga ya zauna, tsatsa za ta yi ta cin mahaɗar wayoyin a hankali har ranar da na'ura za ta ba da lokacin ƙarya ana tsakiyar gasa. Kada ka raina tumbatsar teku, wato ruwan teku da guguwa ke turowa kan tudu: lokacin guguwar Katrina a Agustan 2005, ruwan ya tashi kusan mita 8.5 a Pass Christian da ke gaɓar Mississippi.

Ba sai fili yana bakin teku ba. A 2012 ragowar ruwan guguwar Isaac ya bi ƙasa har Indianapolis, tsakiyar Amurka, ya sa aka ɗage ƙarshen gasar U.S. Nationals, wadda ita ce mafi girma a shekara, zuwa mako na gaba. Babu abin da ya karye a filin, amma 'yan kallon da suka yi tafiyar kwana, suka kama ɗaki, da yawansu ba su iya dawowa ba.

A nan ne asarar gaske take, a ganina. Babban fili mai kamfani a bayansa zai jure. Mafi yawan filayen kuwa ƙanana ne, na iyali, abincinsu yana ƙofa: kuɗin tikitin daren Juma'a da Asabar, da kuɗin rajistar masu tsere. A kudancin Amurka zafin tsakiyar shekara yakan rage tsere, sai kaka ta shigo harka ta buɗe, kuma daidai lokacin ne guguwa ta fi yawa. Filin Gainesville a Florida yana yin babbar gasarsa ta Gatornationals tun 1970, galibi a watan Maris, ba ruwansa da lokacin guguwa, amma ƙaramin fili ba shi da wannan zaɓi. Idan aka rufe shi mako shida, bashin banki bai tsaya ba, haraji bai tsaya ba. Ko da ya buɗe, su wa za su zo? Masu tseren nan bakanikai ne da direbobi da masu ƙananan sana'o'i na yankin, waɗanda rufin gidansu ya yaye. Mutumin da ke neman kuɗin kwano ba zai sayi taya ta tsere ba. Inshora ma ba ta cika fitar da mutum ba. Inshorar gini ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi ta daban, galibi daga shirin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1968. Iyakar abin da shirin ke biya kan ginin kasuwanci dala 500,000 ne, kuma gini da kayan cikinsa yake karewa. Shimfiɗar kwalta da shinge da ke waje, waɗanda su ne ainihin filin, ba sa ciki.

Yanzu ga maƙwabta. Dama can zaman ba na lumana ba ne sosai, saboda ƙara. A 2007, da aka fara gina filin sukuwa a Concord ta jihar North Carolina, mazauna kusa suka koka, majalisar gari ta tsayar da aikin, mai wurin Bruton Smith ya yi barazanar kwashe harkarsa gaba ɗaya daga garin, daga ƙarshe hukuma ta janye har da alƙawarin tallafin wajen dala miliyan 80, aka buɗe filin zMAX a 2008. A Bradenton ta Florida kuwa gari ne ya tarar da fili: an amince a gina dubban gidaje daf da shi a 'yan shekarun nan, a yankin da guguwar Milton ta sauka kusa da shi, a Siesta Key, ranar 9 ga Oktoban 2024.

Ni abin da ya fi damuna a irin wannan maƙwabtaka ba ƙarar ba ce, lissafin ruwa ne. Milimita 25 na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 250,000 ne, wato durom 1,250. Gona ko daji zai shanye kaso mai yawa ya saki sauran sannu a hankali. Kwalta ba ta shan kome, duk abin da ya sauka gangarawa yake yi nan take. A lokacin guguwar Harvey a Agustan 2017, ma'aunin ruwa na Cedar Bayou, kusa da Baytown, ya nuna fiye da milimita 1,300 cikin 'yan kwanaki. Ka ninka wannan da faɗin wurin ajiye motoci na babban fili, ka ga inda ruwan zai nufa: gidan da ya fi kowa gangare. Tafkunan tara ruwa da doka ke sa a haƙa an yi su ne don ruwan da aka saba gani, irin na Harvey ya fi ƙarfinsu. Gaskiya kuma ta hau kan ɓangarorin biyu. Sababbin unguwannin da ke cike fadama su ɗaga ginin gidajensu, su ma ruwansu kan filin yake komawa. Duk wanda ya zauna a unguwar da maƙwabci ya cike kududdufi ya yi gini ya san wannan.

Ruwan kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Fili yana da gangunan man tsere, da mitanol da wasu motocin ke sha a madadin fetur, da baƙin mai da aka juye daga inji, da danƙon fesawa. Gangar da ba a ɗaure ba tana yawo a ambaliya. Mitanol guba ne, yana gaurayewa da ruwa, kuma da yawa daga gidajen karkara a can rijiyar burtsatse suke sha. Fallen kwano ko allon talla da iska ta ɓalle ba ya tsayawa a iyakar shinge. Idan mai fili bai kwashe waɗannan kafin guguwa ba, sakacinsa a tsakar gidan wani zai sauka, kuma ban ga uzurin da za a ba shi ba, tunda ana sanar da zuwan guguwa kwanaki kafin ta iso.

Duk da haka, idan ka ce in zaɓa, zan ce alherin filin ga maƙwabta a ranar masifa ya fi sharrinsa, in dai yana hannun mai hankali. Abin da jama'a ke buƙata bayan guguwa shi ne fili mai faɗi mai tauri inda tirela za ta juya, jirgi mai saukar ungulu ya sauka, ga banɗakuna, ga ruwa, ga janareta, ga ƙofofin da aka tsara don dubban motoci. Filin tsere yana da duk wannan. Filayen Charlotte da Atlanta da Bristol da Talladega sun sha buɗe wuraren kwanan baƙinsu kyauta ga masu gudun guguwa, kamar lokacin Irma a 2017 da Florence a 2018. Babban misali shi ne Helene, wadda ta sauka gaɓar Florida ranar 26 ga Satumban 2024, ta hau har duwatsun North Carolina da Tennessee, ta kashe fiye da mutum 200. A garin Erwin kogin Nolichucky ya cika har aka kwashe fiye da mutum 50 daga rufin asibiti da jirage. Filin Bristol, wanda ke da layin sukuwa a harabarsa, shi ya zama cibiyar tara kayan agaji da raba su ga arewa maso gabashin Tennessee. Tsohon direban tsere Greg Biffle ya riƙa kai kaya ƙauyukan da hanya ta yanke da jirginsa. Mutanen tsere suna da tireloli, da injin walda, da hannun gyara, kuma sun saba aiki cikin gaggawa.

Ga mazauna kansu, binciken cibiyar lura da guguwa ta Amurka kan shekarun 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye ruwa ne ya ci su, wajen rabi kuma tumbatsar teku ce. Bayan ta wuce akwai wani makashin da mu ma mun san shi: hayaƙin janareta a rufaffen wuri. Ya kashe mutane da dama a Louisiana bayan guguwar Laura a 2020.

Sai abin da ya faru a Baytown bayan Harvey, wanda ya haɗa tambayoyinka biyu wuri ɗaya. Ambaliyar ta lalata dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, kamfanonin inshora suna neman inda za su tara su kafin gwanjo. Filin sukuwar, wanda a lokacin ake kira Royal Purple Raceway, ya dakatar da tsere ya ba da hayar harabarsa, aka jera motoci fiye da 20,000 a ciki, layi bayan layi. Ga mai fili, kuɗin haya ne a daidai lokacin da babu mai sayen tikiti. Ga maƙwabta, ƙarar daren Asabar ta tafi, motocin janwe da ƙura dare da rana suka maye gurbinta. Tsere ya dawo daga baya, amma kowa ya riga ya ga cewa ƙasar ta fi daraja a matsayin wurin ajiya. An yi gasar NHRA ta ƙarshe a can a 2022, wani kamfanin sufurin kaya da rumbunan ajiya ya karɓi wurin. Ba guguwa ce ta rufe shi ba, farashin ƙasa kusa da tashar jiragen ruwa ne. Englishtown ma ya daina sukuwa a farkon 2018, aka ba kamfanin gwanjon motocin inshora hayar wurin.

Waɗannan motoci ba a Amurka duka suke ƙarewa ba. Gwanjon nan a buɗe yake ga dillalai na ƙasashen waje, kuma wani kaso na motocin da ke sauka a Kwatano da Legas daga irinsa suke fitowa. A wanke mota tas, a sauya kafet, takardar da ta nuna ruwa ya taɓa shanye ta kuma ba lallai ta biyo ta har Kano ba. Idan za ka sayi motar Amurka a watannin da suka biyo bayan babbar guguwa, ka sa a binciki lambar shasinta a intanet. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai alamar ruwa, ka ɗaga safayar taya ka shafa gindin but ɗin, ka haska ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera da ƙusoshinsa. Sannan ka sa mai wayarin ya cire mahaɗa ɗaya ko biyu a ƙarƙashin dashbod ya duba. Idan ya ga kore-koren tsatsa a kan tagulla, ko busasshiyar laka a inda hannun mai wanki ba ya kaiwa, ka bar motar ko nawa aka rage maka.